Taswirar da Ke Cin Zaɓe Tun Kafin a Jefa Ƙuri'a

Tambaya: Malam, barka da aiki. A watan Agustan 2025 na ji a rediyo cewa wasu 'yan majalisar dokokin jihar Teksas ta Amurka sun tsere daga jiharsu saboda rikicin taswira. Na kira yayana da ya daɗe a can har ya zama ɗan ƙasa, sai ya ce shi ya ma daina fita zaɓe, don an riga an san wanda zai ci mazaɓarsu tun kafin a buga takardun ƙuri'a. Ta yaya taswira ke cin zaɓe? Kuma hukumar nan mai zaman kanta da ake ta kiran a kafa, magani ce ko wani sabon salon ne kawai?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Yayanka yana da gaskiya a rabin maganarsa, kuma wannan rabin ya fi saurin shiga kai da lissafi, saboda haka ɗauko biro da takarda.

Ka ɗauka ga wani gari mai masu zaɓe 500. Mutum 300 'yan jam'iyyar Gero ne, 200 'yan jam'iyyar Dawa. Za a raba garin mazaɓu biyar, kowace da mutum 100, kowace ta fitar da wakili ɗaya. Mai hankali zai ce Gero ta samu kujera uku, Dawa biyu. To miƙa wa 'yan Dawa biron ka gani. Za su zana mazaɓu biyu su cusa 'yan Gero 90 a kowace, su bar nasu goma-goma don cika lissafi. 'Yan Gero 120 da suka rage sai a watsa su cikin sauran mazaɓu uku, arba'in-arba'in, su tarar da 'yan Dawa sittin-sittin suna jiransu. Ranar zaɓe Gero ta ci kujera biyu da gagarumin rinjaye, ana ta kiɗa da guɗa, Dawa kuma ta kwashe uku cikin ruwan sanyi, ta zama mai rinjaye a majalisa da kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'u. Yanzu karɓe biron ka ba 'yan Gero. Su ma ba waliyyai ba ne: za su yi kowace mazaɓa 60 da 40, su share kujeru biyar ɗin duka, mutum 200 su tashi ba su da ko wakili ɗaya.

Ka lura, ba a saci akwati ba, ba a dangwala wa gawa ba, ba a ba malamin zaɓe ko sisi ba. Kowa ya jefa ƙuri'arsa kuma an ƙirga ta daidai. Dabarun biyu ne kawai, cusawa da watsawa, kuma duk taswirar son kai da za ka gani a duniya da su aka haɗa ta.

Amurkawa suna kiran wannan aiki jerimanda. Sunan ya samo asali ne a 1812, lokacin da gwamnan jihar Masacusets, Elbridge Gerry, ya sa hannu a wata dokar shata mazaɓun majalisar dattawan jiha da ta fifita jam'iyyarsa. Ɗaya daga cikin mazaɓun ta yi wani irin lanƙwasa har wata jaridar birnin Boston ta zana ta da fikafikai da farata, ta ce ta yi kama da salamanda, wata halitta mai siffar ƙadangare. Aka haɗa sunan gwamnan da na dabbar. Bawan Allah ya zama mataimakin shugaban ƙasa daga baya, yana ma cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ayyana 'yancin Amurka, amma yau da ƙadangaren ake tunawa da shi.

Abin da ya sa cutar ta yi katutu a Amurka shi ne wanda ke riƙe da biron. Majalisar wakilan tarayya kujera 435 gare ta. Duk shekara goma ana ƙidayar jama'a, a raba kujerun ga jihohi gwargwadon yawansu, bayan ƙidayar 2020 kowace mazaɓa ta kama wajen mutum dubu 760. Daga nan kowace jiha ta zana nata iyakokin. Tsarin mulkin ƙasar ya bar sha'anin shirya zaɓe a hannun majalisun jihohi, kuma a mafi yawan jihohin 'yan majalisar ne da kansu ke zana mazaɓun da za su tsaya takara a ciki, da na abokansu da ke Washinton. An ba kura ajiyar nama ke nan, an kuma rubuta hakan a doka.

A da can ma ba sa wahalar da kansu da zane. Sai su ƙi taɓa taswirar gaba ɗaya. Jihar Tenesi ta shekara sittin daga 1901 ba ta sake shata mazaɓunta ba, birane suka cika suka tumbatsa, amma ƙauyen da ya zama kufai yana nan da wakilinsa. Sai a 1962 da 1964 Kotun Ƙoli ta shigo, ta ce dole mazaɓu su daidaita a yawan jama'a. Wannan ya toshe ƙofa ɗaya. Sai dai ka koma kan lissafinmu na Gero da Dawa: kowace mazaɓa mutum 100 ce cif. Daidaita yawan jama'a bai hana komai ba.

Abin da ya sauya wasan a zamaninmu kwamfuta ce. Mai zane a yau yana zaune gaban allo da sakamakon kowace rumfar zaɓe na shekaru da dama, da bayanan ƙidaya layi-layi. Ya ja iyaka ya tsallake titi ɗaya, nan take manhajar ta nuna masa kashi nawa jam'iyyarsa ta ƙaru ko ta ragu. Jam'iyyar Rifablikan ce ta fara gane girman abin a dunƙule. Gabanin zaɓen 2010 ta ware wajen dala miliyan 30 ga wani shiri mai suna REDMAP, ta zuba kuɗin a ƙananan zaɓukan majalisun jihohi da ba wanda ya damu da su, saboda ta san wanda ya ci waɗannan kujeru shi zai riƙe biro a 2011. Ribar ta fito a 2012. 'Yan takarar Dimokurat sun fi samun ƙuri'u a faɗin ƙasar da sama da miliyan ɗaya, amma Rifablikan ta riƙe majalisar wakilai da kujera 234, Dimokurat 201. A Pensilbaniya Dimokurat ta ɗan fi yawan ƙuri'u, ta tashi da kujera 5 cikin 18.

Wiskonsin ce misalin da ya fi tsaya mini a rai. A 2011 ba a zauren majalisa aka zana taswirar ba, a ofishin wasu lauyoyi aka zana ta, aka riƙa kiran 'yan majalisar jam'iyya mai mulki ɗaya bayan ɗaya a nuna wa kowa tasa mazaɓar, bayan ya sa hannu cewa ba zai faɗa wa kowa abin da ya gani ba. A zaɓen 2018 Dimokurat ta ci gwamna, ta kuma fi samun ƙuri'u a zaɓen majalisar dokoki, amma Rifablikan ta samu kujera 63 cikin 99. A Karolina ta Arewa kuwa ko ɓoyewa ba a yi ba. A 2016 ɗan majalisar da ke jagorantar aikin, David Lewis, ya faɗa a bainar jama'a cewa zai zana taswirar da za ta ba jam'iyyarsa kujera 10, abokan hamayya 3, kuma dalilinsa shi ne bai ga yadda za a iya fitar da 11 da 2 ba. A wannan taswira aka ratsa iyaka ta tsakiyar harabar jami'ar A&T da ke Girinsboro, wadda ta fi kowace jami'ar baƙar fata yawan ɗalibai a ƙasar. Ɗalibin da aka sauya wa ɗakin kwana daga wannan gefe zuwa wancan ya sauya mazaɓa ke nan. Birnin Nashbil na Tenesi shi ma a 2022 aka yanka shi uku kamar kankana, kowane yanki aka liƙa shi da karkara mai nisa, wakilinsa da ya daɗe yana ci, Jim Cooper, ya duba taswirar ya ce ya haƙura da takara.

Kada ka ɗauka halin jam'iyya ɗaya ne. Inda Dimokurat ta samu biro ita ma ba ta jin kunya. A Merilan ta sake fasalin wata mazaɓa a 2011 don kawai ta kayar da ɗan Rifablikan da ke kai, kujerun jihar suka koma 7 da 1. A Ilinoi ta zana taswirar da ta ba ta 14 cikin 17 a 2022. Bambancin kawai shi ne a 2011 Rifablikan ta fi yawan jihohin da take riƙe da biro.

Za ka ce ina kotu? An je, an sha zuwa. Maganar ta ƙare a watan Yunin 2019, a shari'ar da ake kira Rucho, wadda ta haɗa ƙarar Karolina ta Arewa da ta Merilan. Alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Alƙalin Alƙalai John Roberts ya amince cewa son kai mai yawa wajen zana mazaɓu ya saɓa wa ƙa'idojin dimokuraɗiyya, amma ya ce kotunan tarayya ba su da ma'aunin da za su ce nan ne son kai ya wuce gona da iri, don haka ba huruminsu ba ne. Mai shari'a Elena Kagan ta rubuta martani mai zafi. Abin da ya rage a hannun kotunan tarayya shi ne idan an zana iyaka don tauye wani jinsi, kamar yadda a 2023 suka tilasta wa Alabama ta ƙara mazaɓa ta biyu da baƙar fata za su iya fitar da wanda suke so. Wannan ya haifar da abin dariya mai ban takaici: idan aka kai jiha ƙara cewa ta watsa ƙuri'un baƙar fata, sai lauyoyinta su ce a'a, ba don launinsu muka watsa su ba, don 'yan Dimokurat ne. Kuma wannan kariya ce da kotu ke karɓa.

Kotunan jihohi sun fi taɓukawa, sai dai a jihohi da yawa su ma alƙalan zaɓensu ake yi. Kotun ƙolin Karolina ta Arewa ta soke taswira a 2022, aka yi zaɓe da sabuwa, kujeru suka fito 7 da 7. A wannan zaɓen ne rinjayen kotun ya koma ɗaya ɓangaren, cikin 'yan watanni sabbin alƙalan suka janye hukuncin, a 2024 aka koma 10 da 4.

To, mu zo kan hukuma mai zaman kanta. Amsata a taƙaice: tana aiki, amma ba duk abin da aka laƙaba wa sunan ne ke cin sunan ba.

Mishigan ce ta fi nuna yadda ake yi. Kwana biyu bayan zaɓen 2016 wata matashiya mai suna Katie Fahey, wadda ba ta taɓa riƙe wani muƙamin siyasa ba, ta rubuta a Facebook cewa tana son yaƙar wannan abu a jiharta, wa zai taya ta? Daga nan aka samu ƙungiyar 'yan sa-kai da suka bi kasuwanni da wuraren biki da ƙofar gidaje suka tara sa hannun mutum sama da dubu 400, aka sa batun a ƙuri'ar raba gardama a 2018, kashi 61 cikin ɗari suka amince. Kalli yadda aka gina hukumar, don a nan sirrin yake. Mutum 13 ne: huɗu masu ra'ayin Dimokurat, huɗu masu ra'ayin Rifablikan, biyar da ba su da ɓangare. Duk wanda a shekaru shida da suka wuce ya tsaya takarar jam'iyya, ko ya riƙe muƙami a cikinta, ko ya yi aikin kamun ƙafa a majalisa, ba ya shiga, haka matarsa ko ɗansa ko mahaifinsa. Kowane mai katin zaɓe yana iya cike takardar nema, sama da mutum dubu tara suka nema, aka tace, sannan aka fitar da sunayen ta hanyar ƙuri'ar sa'a, kamar yadda ake fitar da mai ɗaukar adashe. Zamansu a fili ake yinsa, kowa na kallo ta intanet. Taswira ba ta wucewa sai ta samu goyon bayan aƙalla mutum biyu daga kowane rukuni. Kuma idan sun gama, sun gama: majalisa ba ta da ikon taɓawa, gwamna ba ya sa hannu.

Sakamakon fa? A 2022 Dimokurat ta samu ƙuri'u mafi yawa, ta kuma karɓe majalisun jihar biyu da ɗan ƙaramin rinjaye, abin da ta shekara kusan arba'in ba ta gani ba. A 2024 iska ta juya, Rifablikan ta ƙwace majalisar wakilan jihar da kujera 58 cikin 110. Ni wannan na biyun ya fi gamsar da ni. Taswirar kirki ita ce wadda idan jama'a suka sauya ra'ayi, majalisa ta sauya tare da su, ko ta wane gefe. Hukumar ta yi nata kuskuren: a ƙarshen 2023 kotun tarayya ta ce ta dogara da launin fata fiye da kima wajen zana mazaɓun yankin Ditiroit, aka sa ta sake su. Sabon shiga ba ya rasa tuntuɓe. Amma kuskuren da aka yi a gaban kowa ana iya kama shi a gyara.

Yanzu dubi maƙwabciyarta Ohayo. Can ma jama'a sun kaɗa ƙuri'ar gyara da babban rinjaye, a 2015 da 2018, aka rubuta a tsarin mulkin jiha cewa haramun ne a zana taswira don fifita jam'iyya. Sai dai su wa ke cikin hukumar? Gwamna, da sakataren jiha, da babban mai binciken kuɗi, da mutum huɗu da shugabannin majalisa suka naɗa. 'Yan siyasa zalla. Kuma an hana kotu zana taswira da kanta, iyakarta ta ce wannan bai yi ba. Sai aka shiga wasan ɓuya. A 2022 kotun ƙolin jihar ta yi watsi da taswirar majalisar dokoki har sau biyar, ta wakilan tarayya sau biyu. Duk lokacin da aka mayar musu, sai su ɗan shafa mata mai su dawo da ita. Wankin hula ya kai su dare, lokacin zaɓe ya ƙure, aka yi zaɓen da taswirar da kotu ta ce haramtacciya ce. Shugabar alƙalan da ta tsaya kai da fata, Maureen O'Connor, 'yar Rifablikan ce, kuma sun san shekarunta na ritaya za su cika a ƙarshen 2022, jira kawai suka yi. Da ta sauka ta jagoranci yunƙurin kafa hukuma irin ta Mishigan a 2024. Jami'an da ke rubuta bayanin da mai zaɓe zai karanta a kan takardar ƙuri'a, waɗanda 'yan jam'iyya mai mulki suka fi yawa a cikinsu, suka rubuta cewa gyaran zai wajabta jerimanda. Alluna biyu suka cika bakin titi, na masu "e" da na masu "a'a", kowanne yana cewa a kawo ƙarshen jerimanda. Gyaran ya faɗi.

Niyok da Bajiniya sun kafa hukumomin da aka raba kujeru daidai tsakanin jam'iyyun biyu ba tare da mai raba gardama ba, duka biyun suka cije, aikin ya koma hannun kotu. A Yuta jama'a sun amince da hukuma a 2018, majalisa ta zare mata haƙora a 2020, ta kuma yanka gundumar Salt Lake gida huɗu, sai da aka shekara da shekaru a kotu. Saboda haka idan aka ce maka an kafa hukuma mai zaman kanta, tambayi wanda ya naɗa mutanen, ka tambayi abin da zai faru idan sun kasa daidaitawa, sannan ka tambayi wanda ke da maganar ƙarshe. In amsar ɗaya daga ciki ta koma kan 'yan majalisa, to kura ce da fatar akuya. Ba kuma sabon abu ake nema a ƙirƙiro ba. Kanada tun 1964 ta miƙa aikin ga hukumomin da alƙali ke shugabanta a kowane lardi, Birtaniya ma hukumomin iyaka ke yi mata, kuma da wuya ka ji ana rikicin taswira a can irin na Amurka.

Abin da ka ji a rediyo ya tona wani rauni da ya fi waɗannan duka. Teksas kujera 38 gare ta, a 2025 Rifablikan na da 25. A tsakiyar 2025, ba ƙidaya ba komai, Shugaba Trump ya nemi a sake zane don a ƙaro kujera biyar kafin zaɓen 2026. 'Yan Dimokurat na majalisar jihar ba su da yawan da za su kayar da ƙudurin, amma dokar majalisar ta ce sai kashi biyu cikin uku sun halarta kafin a zauna. Shi ya sa sama da hamsin daga cikinsu suka hau jirgi, akasari zuwa Ilinoi, inda 'yan sandan Teksas ba su da ikon kamo su. Sun taɓa yin haka a 2003, suka gudu Oklahoma da Niyu Meziko, kuma a lokutan biyu ƙarshenta sun dawo an zartar da taswirar. (Ilinoi ɗin da suka fake a cikinta, ka tuna, ita ce mai 14 da 3. Abokan hamayyarsu ba su bar wannan ya wuce ba.) Martanin ya fito daga Kalifoniya, jihar da tun 2008 da 2010 ta kafa hukumar mutum 14 da ake buga misali da ita. Gwamna Gavin Newsom ya ce ba za su zauna da hannu a ɗaure ana dukansu ba, ya kai wa jama'a ƙudurin a jingine taswirar hukumar har zuwa ƙidayar 2030, a yi amfani da wadda 'yan siyasa suka zana don ƙwato kujera biyar. A watan Nuwamban 2025 masu zaɓe suka amince da babban rinjaye. Mutanen da suka kafa hukumar da hannunsu su suka ajiye ta a gefe da hannunsu.

Ban ga laifin lissafinsu ba, ko da yake abin bai yi mini daɗi ba. Majalisar tarayya ɗaya ce. Jihar da ta yi adalci ita kaɗai alhali kishiyarta na zane yadda ta ga dama, jam'iyyar da ke da rinjaye a cikinta ce ke asara. Gyaran jiha-jiha yana iya tsabtace majalisar dokokin jiha, amma na kujerun tarayya ba zai zauna da gindinsa ba sai da doka ɗaya da ta hau kan kowa. Majalisar tarayya tana da ikon yin ta. A 2021 majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin da ya ƙunshi wajabta irin waɗannan hukumomi, ya je majalisar dattawa ya kasa samun ƙuri'a 60 da ake bukata kafin a rufe muhawara, ya mutu a can.

Sai mu dawo kan yayanka da yanke ƙaunarsa. Cikin kujeru 435, waɗanda ake gwabzawa da gaske a zaɓen gama-gari ba su fi ɗaya cikin goma ba. Farin jinin majalisar a idon jama'a ya daɗe yana yawo a wajen kashi 20 cikin ɗari, amma sama da kashi 90 na wakilan da suka sake tsayawa suna komawa. Wanda ya ga haka ya ce ƙuri'arsa ba ta da tasiri, ba rashin hankali ya yi ba. Akwai ma ɓarnar da ta fi wannan. A mazaɓar da aka tabbatar wa jam'iyya ɗaya, zaɓen gaskiya shi ne na fid da gwani, wanda sau da yawa bai fi mutum ɗaya cikin biyar ke fita ba, kuma masu fitar su ne 'yan a-mutun jam'iyya. Wakilin da ya san haka ba ya tsoron abokin hamayya, tsoronsa kada wani daga cikin gida ya fito ya ce ya yi laushi. Sai ya ƙi sulhu da kowa, majalisa ta cije, jama'a su ƙara tsanarta, su ƙara zama a gida, kuma zamansu a gida bai rage shi da komai ba.

Amma ba zan ɗora wa taswira duk laifin ba. Majalisar dattawan Amurka ba a zana mata mazaɓu, jiha sukutum ke zaɓen sanata, kuma rarrabuwar kai a cikinta ba ta gaza ta wakilai ba. Jama'a da kansu sun ware: 'yan Dimokurat sun taru a manyan birane, 'yan Rifablikan sun bazu a karkara, ko mala'ika aka ba biro zai fitar da mazaɓu da yawa da ba a gwabzawa. A Masacusets, garin su Gerry, Rifablikan na samun wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u, amma rabonta da cin kujerar wakilan tarayya tun 1994, saboda magoya bayanta a warwatse suke ko'ina, ba inda suka taru suka yi rinjaye. Wannan ciwon tsarin "mazaɓa ɗaya, wakili ɗaya" ne, wanda dokar tarayya ta 1967 ta wajabta, kuma hukuma ba ta warkar da shi. Ƙasashen da ke raba kujeru gwargwadon kason ƙuri'u, irin Jamus, su ne zane bai dame su sosai ba. Rashin yarda da gwamnati kuma ya girmi kwamfutar zane: a 1964 kusan kashi uku cikin huɗu na Amurkawa sun ce sun yarda da gwamnatin tarayya, yaƙin Biyetnam da badaƙalar Watergate suka fara zubar da wannan yarda, yau ta koma wajen ɗaya cikin biyar.

Mu ma a Nijeriya muna da abin dubawa a nan. Biron yana hannun INEC, ba hannun 'yan majalisa ba, kuma tsarin mulkin 1999 ya tanadi a riƙa sake duba mazaɓu bayan aƙalla shekara goma. Sai dai sashe na 74 ya ce duk sauyin da aka yi ba zai fara aiki ba sai majalisun tarayya biyu sun amince, wato maganar ƙarshe ta koma wurin masu kujerun. Mazaɓun tarayya 360 da muke zaɓe a kansu tun shatar 1996 suke, ƙidayar ƙarshe kuma 2006. Ciwon Tenesi na kafin 1962 ke nan. Kuma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, inda ba ruwan taswira, wajen kashi 27 cikin ɗari na masu rajista ne suka fita.

In ka sake kiran yayanka, ka gaishe shi, ka ce masa taswirar da ke damunsa kujerun majalisa kawai ta shafa. Gwamna da mataimakinsa da sanatoci da alƙalan kotun ƙolin Teksas duk jiha gaba ɗaya ke zaɓensu, ba iyakar da za a ja a watsa ƙuri'arsa. A Wiskonsin ta wannan ƙofar aka fita: a watan Afrilun 2023 jama'a suka zaɓi sabuwar mai shari'a, rinjayen kotun ƙolin jihar ya juya, ta soke taswirar majalisar dokoki a watan Disamba, aka zana sabuwa, a 2024 tazarar ta ragu zuwa 54 da 45. Hanyar Mishigan a rufe take gare shi, domin Teksas na cikin jihohin da jama'a ba su da ikon tara sa hannu su sa doka a ƙuri'ar raba gardama. Amma jihar ba ta rajistar masu zaɓe da sunan jam'iyya, saboda haka a zaɓen fid da gwani da ake yi a watan Maris yana iya shiga na duk jam'iyyar da ya ga dama, har da wadda aka zana mazaɓarsu dominta. A nan ake fitar da wanda zai wakilce shi, kuma ranar layin ba ya da tsawo.